Garuba Mai Walda da Tsaunin da Ya Kayar da Shi

Akwai wani mutum a Moshi Zango, cikin Kumasi, ana ce masa Garuba mai walda. Rabin ƙofofin ƙarfen da ke layinsu daga hannunsa suka fito. A lokacin ƙarfinsa, shi kaɗai yake ciccibar ƙyauren da sai mutum biyu sun taru a kansa.

Wata rana yana tsakiyar aiki, sai ƙarfe ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafar ma ta ƙi. Kafin maƙwabta su sa shi a pragiya, wato babur mai ƙafa uku na haya, su kai shi asibiti, bakinsa ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki.

Da aka sallamo shi, sai ya shige ɗaki ya ƙi fita. Mutumin da kullum yake bakin titi yana wasa da kowa, ya koma idan ya ji sallamar baƙo sai ya rufe ido kamar mai barci.

Matarsa Basiratu tana sayar da wake da shinkafa a kasuwar Adum. Ta zuba masa ido na wani lokaci, har wata safiya ta ajiye tukunyarta ta tsaya a kansa.

"Maigida, likita ya ce ka riƙa tafiya."

"In fita ina jan ƙafa mutane suna kallona?"

"Su kalla. Kunya ba ta taɓa warkar da ƙafa ba. Tashi, ga kafaɗata."

Ranar farko daga ƙofar ɗaki ya kai bakin famfon tsakar gida, ya dawo yana haki. Bayan nan ya kai ƙofar gida. Sannu a hankali ya kai masallacin layi, ya kai wajen mai koko, har ya zama yana zagaya unguwa bayan asuba da sanda a hannu.

Tun kafin ciwon, Garuba yana cikin wata ƙungiyar motsa jiki ta unguwar Aboabo, irin waɗanda suke fita tattaki ranar Lahadi da riguna iri ɗaya. Shugabansu wani saurayi ne mai suna Suraj, yana da shagon waya a Adum. Yana da jiki, yana da baki, kuma ba ya son kowa ya riga shi isa ko'ina.

Duk shekara bayan Babbar Sallah ƙungiyar takan tafi hutun tattaki. A wannan shekara suka zaɓi gandun dajin Kyabobo da ke can gabas kusa da Nkwanta, inda tsaunuka suka jeru har iyakar Togo. Suraj ya tura hotunan wurin a guruf ɗinsu na waya.

Garuba ya daɗe yana kallon wani hoto na tsauni kore shar, gajimare yana kwance a kafaɗarsa. Ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda ya daɗe bai ji ba. Ya fara zuwa ya tambayi likitansa. Likitan ya auna shi, ya ce yana iya gwadawa, muddin ba zai bar magani ba, zai sha ruwa, kuma zai tsaya duk inda jiki ya ce masa tsaya.

Ranar Lahadi ya je wajen taron ƙungiya ya ce a sa shi cikin masu tafiya.

Suraj ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi dariya.

"Baba Garuba, tsauni fa za mu hau, ba asibiti za mu je gashin ƙafa ba. Wa zai goya ka?"

"Ban ce a goya ni ba. Kujera kawai nake so a mota."

"Za ka ɓata mana lokaci sosai paa."

Dattawan ƙungiyar suka sa baki, suka ce Garuba ya riga Suraj shiga wannan ƙungiya, ba mai hana shi. Suraj ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yoo. Ku ne za ku ɗauko shi."

Basiratu ta rufe sana'arta ta bi mijinta. Tafiya ce mai nisa, mota ta yi ta cin hanya, suka haye ruwa a jirgin fito, suka kwana a Nkwanta. Da safe wani ma'aikacin gandun ya shige gaba a matsayin jagora, suka kama hanya.

Farkon hanyar babu wuya. Suka ratsa gonakin doya da rogo, suka shiga inuwar manyan itatuwa, suka tsallake wani rafi mai sanyi. Garuba yana can baya, amma yana biye. Har ya fara jin daɗi.

Sai hanyar ta miƙe tsaye. An yi ruwa kafin zuwansu, ƙasa ta yi santsi, saiwoyin itatuwa sun fito fili kamar matakala. Matasa suka riƙa kama saiwa suna hayewa. Garuba ya ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu, ta ƙi hawa. Ya sake gwadawa. A karo na gaba sandar ta zame, ya faɗi rub da ciki, ya gangaro cikin laka har sai da wani kututture ya tare shi.

Basiratu ta yi salati ta ruga. Jagoran ya sauko da sauri. Shi kuwa Suraj yana tsaye a sama da waya a hannu, yana ɗauka.

"Jama'a ga zakaran tsauni! Na faɗa muku ai!"

Jagoran ya duba Garuba, bai karye ba, amma gwiwa ta fashe kuma jikinsa yana rawa. Ya ce masa cikin ladabi nan ne iyakarsa a yau. Garuba bai yi musu ba. Ya sauko wani wuri da ƙafa, wani wuri da mazaunai, Basiratu tana riƙe da rigarsa.

Kafin su iso Kumasi, bidiyon ya riga su. Suraj ya sa masa wani kiɗan ban dariya ya tura a guruf. Daga nan ya bazu Aboabo, Asawase, Sawaba, har wajen masu sayen abincin Basiratu a Adum.

Basiratu ta ɗaura gyale ta ce sai ta je shagon Suraj ta wanke shi tas a gaban kwastomominsa.

Garuba ya ce, "Zauna. Miƙo mini wayar."

"Me za ka kalla a ciki? Wulaƙancin?"

"Miƙo dai."

Ya kalla, ransa ya ɓaci, ya ajiye. Can ya sake ɗauka. Ya yi ta maimaitawa har Basiratu ta fara tsoron ko abin ya taɓa masa kai. Sai ya kira ta.

"Zo ki gani. Duk lokacin da zan hau, ƙafar nan waje take juyawa. Ni ban sani ba, don ba na ganin bayana. Kuma sandar nan ƙafa ɗaya gare ta, shi ya sa ta yaudare ni."

"Yanzu duk cin mutuncin nan abin da ka gani ke nan?"

"Cin mutuncin na gan shi, ya kuma yi mini zafi. Amma ba shi zai kai ni kan tsaunin ba. Basira, wallahi sai na koma."

Ya buɗe shagonsa da ya daɗe a rufe. Da hannu ɗaya mai lafiya da ɗaya mai rawa, ya yanka bututun ƙarfe mara nauyi, ya yi wa kansa sanda mai ƙafa uku, ya sa mata roba a ƙasa. Ya kai bidiyon wajen mai gashin ƙafa a asibiti, aka nuna masa yadda zai horar da ƙafar ta daina juyawa. Ya roƙi shugaban wata makarantar Islamiyya mai bene ya bar shi ya riƙa hawa matakalarsu kafin ɗalibai su zo.

Haka ya yi ta yi, ko ana ruwa ko ana rana. Wani lokaci idan ya wuce teburin mai shayi sai ya ji an kwashe da dariya a bayansa. Ba ya waiwayawa.

Wata safiya ya tarar da wata mata zaune a kan benci a bakin kwana, da sanda a gefenta. Sunanta Hajaratu, tsohuwar mai ɗinki ce. Ita ma irin ciwonsa ne ya kama ta, kuma tun daga lokacin ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, sai wannan safiyar da ta sa aka fito da ita ta jira shi.

Ta ce, "Kai ne Garuban bidiyo?"

Ya ce, "Ni ne, Mma."

"Jikata ce ta nuna mini don in yi dariya. Kowa faɗuwarka ya gani. Ni kuwa na ce, wannan mutumin da ƙafa irin tawa, yaya aka yi ya kai tsakiyar tsauni har ya samu wurin faɗuwa? Ni ko banɗaki sai an kai ni. Ka tafi da ni, ko zuwa waccan falwayar ce."

Suka tafi tare. Kafin su kai falwayar rana ta fito sosai, amma sun kai.

Bayan Hajaratu sai Abass, direban tasi da ciwon suga ya ajiye. Bayan shi wasu suka biyo, maza da mata, waɗanda unguwa ta manta suna raye saboda sun ɓuya a ɗakuna. Garuba ya riƙa yi musu sanduna irin tasa. Mutane suka sa musu suna 'Yan Sannu-Sannu don tsokana, su kuwa suka karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ana nan, wata rana da yamma aka yi sallama a ƙofar gidan Garuba. Basiratu ta leƙa, ta ga Suraj. Ya rame, babu wannan taƙamar a fuskarsa.

Ta tare ƙofa. "Lafiya? Ko cajin wayarka ya cika ka zo ɗaukar sabon fim?"

"Mma, don Allah. Wajen Baba Garuba na zo."

"Ba ya nan."

Daga ciki Garuba ya ce, "Ina nan. Bar shi ya shigo."

Suraj ya shigo ya durƙusa. Garuba ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Sai ya ce mahaifinsa ne, Malam Seini. Malamin allo ne a Aboabo, kuma shi ne ladanin masallacinsu tun Suraj bai zo duniya ba. Ya faɗi a wajen alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Tun da aka dawo da shi gida ya juya fuska ga bango. Ba ya son baƙi, ba ya son abinci.

"Na yi duk abin da na sani. Na ɗaga shi, na yi masa faɗa, na ce Baba ka yi ƙoƙari mana. Sai kawai ya yi ta hawaye. Likita ya ce in bai fara motsi ba, jikin zai sandare. Baba Garuba, na san abin da na yi maka. Ba ni da bakin roƙonka. Amma ba ni da wani wajen zuwa."

Basiratu ta ce, "Yanzu ka san gurgu mutum ne?"

Garuba ya ɗaga mata hannu. Shi ma mutum ne, kiɗan nan na bidiyon bai bar kunnensa ba. Sai ya jawo sandarsa.

"Malam Seini bai yi mini komai ba. Mu je."

Suka tarar da tsohon kwance, fuska ga bango. Garuba bai yi masa wa'azi ba, don ya san malami ya fi shi sanin ayoyin haƙuri. Ya zauna a bakin gado, ya ce a kawo masa shayi. Ya ɗauki kofin da hannun hagu da gangan, hannun yana rawa, shayin yana zuba a rigarsa.

"Malam, ka ga yadda nake shan shayi yanzu. Rabi ni, rabi riga. Basira ta ce rigar ma har ta yi ƙiba."

Tsohon ya ɗan juyo.

"Wannan kaɗan ne. Bari in nuna maka yadda na hau tsauni."

Ya ciro waya ya kunna bidiyon. Malam Seini ya ga ƙaton mutum yana gangarowa cikin laka, ƙafafu a sama. Garuba ya riƙa yi masa bayani yana dariya, har tsohon ya kasa daurewa, rabin bakinsa ya yi murmushi. Can sai fuskarsa ta canza. Da ƙyar ya haɗa kalmomin.

"Wane... mara tarbiyya... ya ɗauka?"

Kiɗan da aka ɗora ya rufe muryar mai ɗaukar, don haka tsohon bai gane ba. Suraj yana tsaye a bakin ƙofa yana ji.

Garuba ya mayar da wayar aljihu. "Wani yaro ne, Malam. Yarinta ce, ya girma yanzu. Gobe da safe zan zo, za ka raka ni bakin ƙofa. Ni ba na son tafiya ni kaɗai."

Suraj ya fita tsakar gida ya kifa kansa a bango ya yi kuka.

Washegari Malam Seini ya kai bakin ƙofa. Ba a yi saurin samun sauƙi ba. Akwai ranakun da ya ƙi tashi, Garuba ya zauna da shi har rana ta take. Akwai ranar da ya jefar da sandar ya ce a ƙyale shi ya mutu. Garuba ya ɗauko ta ya ajiye masa a gefen gado, ya dawo washegari kamar ba a yi komai ba.

Suraj kuwa ya koyi abin da bai taɓa iyawa ba, wato tafiya a baya. Kullum yana gefen mahaifinsa, yana daidaita takunsa da na tsoho.

Abu ɗaya ne Malam Seini ya ƙi. Ko da ya fara zuwa masallaci, bai yarda ya sake kiran salla ba. Ya ce ba zai tsaya gaban jama'a da karkataccen harshe ba.

Da Babbar Sallah ta zagayo, Garuba ya ce zai koma Kyabobo. 'Yan Sannu-Sannu suka ce ƙafarsa ƙafarsu. Waɗanda likita ya amince musu suka shirya, har da Malam Seini. Suraj ne ya nemo mota, shi ne kuma ya ɗauki jakar ruwa da magungunan kowa a bayansa.

Jagoran ya gane Garuba tun daga nesa, ya riƙe hannunsa yana ta murna. Aka tsara cewa kowa zai tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare, ba gasa ake ba. Hajaratu ta kai bakin rafi, ta tsoma ƙafafunta a ruwa, ta ce ita nan ne Makkarta. Abass ya wuce ta kaɗan, shi ma ya samu inuwa.

Malam Seini ya yi ta tafiya har gindin wurin nan mai saiwoyi. Ya ɗaga kai ya dubi hawan, ya girgiza kai, ya zauna a kan wani dutse.

Garuba ya ce, "To mu zauna tare, Malam."

Tsohon ya galla masa harara irin ta malaman allo. "Tashi... ka hau."

Suraj ya ajiye jakarsa. "Baba Garuba, ka je. Ni ina nan da shi."

"Kai da ba ka son a riga ka?"

"Na taɓa hawa. Ban ga komai ba a can sai kaina."

Garuba ya fuskanci hawan. Gwiwar da ta fashe bara ta riƙa yi masa zugi kamar ta tuna. Ya yi bisimilla, ya kafa sanda, ya ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Ta hau. Ya sake. A tsakiya ya zame, ya dafe saiwa da hannu mai lafiya, ya tsaya yana haki, fuskarsa a jikin ƙasa.

Basiratu tana bayansa. "Maigida, mu koma?"

"A'a. Bari dai in yi numfashi."

Inda ƙafa ta gaza ya sa gwiwa. Inda gwiwa ta gaza ya ja ciki. Jagoran ya miƙo hannu, ya ce masa ya bari tukuna. Da haka har itatuwa suka fara raguwa, ciyawa ta karɓe su, iska mai sanyi ta bugi fuskarsa.

Sai ga shi a sama.

Tsaunuka sun jeru kore shar har inda ido ya gaza. Jagoran ya nuna masa waɗanda suke cikin Togo. Can ƙasa rufin kwanon ƙauyuka yana ƙyalli, hayaƙin girki yana tashi siriri. Garuba ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu, laka tun daga goshi har tafin ƙafa. Basiratu ta zauna a ciyawa ta rufe fuska da gyale.

Rana ta ɗan karkata. Suna nan sai iska ta ɗauko wata murya daga ƙasa, daga cikin itatuwa. Murya ce ta tsoho, tana rawa, wasu haruffan ba sa fita daidai. Amma ba ta tsaya ba.

"Allahu Akbar... Allahu Akbar..."

Basiratu ta ɗago kai. "Maigida, wannan ba Malam ba ne?"

Garuba ya share idonsa da bayan hannu. "Shi ne. Miƙo ruwan nan mu yi alwala. Ladan ya kira, ba a sa shi jira."

Darasi: Faɗuwa ba ita ce ƙarshen tafiya ba, ƙin tashi ne ƙarshenta. Kada ka yi wa mai rauni dariya, domin lafiya aro ce, kuma ba ka san ranar da za ka ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Idan kuma wanda ya wulaƙanta ka ya zo neman taimako, ka taimake shi ka rufa masa asiri, sakamakonka yana wajen Allah. Jama'a, a unguwanninmu akwai masu ciwo da yawa da kunya ta kulle a ɗaki. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila ya isa ga wanda yake jiran a ce masa, "Tashi, ga kafaɗata."